Tatsuniyoyin yankunan Indiya: yadda ake gane gidan kowace, da abin da ke ɓata su wajen juyawa

Tambaya: Ni malamar firamare ce, ina kuma gabatar da shirin yara a rediyo. Ina so in riƙa saka tatsuniyoyin Indiya, amma duk inda na duba sai in ci karo da Pancatantra da labaran sarki Akbar da bafadensa Birbal. Shin su ke nan? In akwai na yankuna daban-daban, ta yaya zan gane su, kuma me zan kiyaye wajen mai da su Hausa?

Amsa: Malama, ba su ke nan ba, ko alama. Waɗannan biyun sun fi yawo ne don su masu ɗab'in littattafan yara suka fi bugawa da Turanci. Tatsuniyar da kaka ke yi wa jikokinta a Indiya kuwa tana zaune ne cikin harshen da ake magana da shi a madafa, harsunan kuma ba kaɗan ba ne: tsarin mulkin ƙasar ya amince da 22, ƙidayar 2011 kuma ta lissafa 121 waɗanda kowanne ke da masu magana da shi dubu goma ko fiye. Don haka kafin ki ɗauki kowace tatsuniya, sai ki fara sanin gidan da ta fito: wane harshe, wa ke faɗinta, a wane lokaci, wa kuma ake faɗa wa. Yawancin ɓarnar da ake yi wajen juyawa daga tsallake wannan take farowa.

Ki fara raba na littafi da na baka. Pancatantra littafi ne da aka rubuta da Sanskrit, tsohon harshen ilmi na Indiya, ana jingina shi ga wani masani mai suna Vishnu Sharma, wanda aka ce wani sarki ya danƙa masa 'ya'yansa uku marasa kan gado don ya koya musu dabarun mulki. Kashi biyar ne: raba abokai, samun abokai, gabar hankaki da mujiyoyi, suɓucewar abin da ya zo hannu, da aikin gaggawa. A ƙarni na 6 likita Burzuya ya juya shi zuwa Farisancin wancan zamani, wajen shekara ta 750 kuma Ibn al-Muƙaffa ya mai da shi Larabci da sunan Kalila wa Dimna, wato diloli biyun da asalin ya kira Karataka da Damanaka. Abin lura a nan shi ne, a na Indiya Damanaka ya haɗa zaki da bijimi husuma, zaki ya kashe bijimin, dila kuwa ya ci ribarsa, ba abin da ya same shi. Ibn al-Muƙaffa ne ya ƙara babin da aka gurfanar da Dimna gaban shari'a aka hukunta shi. Littafin siyasa ne, ba na tarbiyyar yara ba, kuma kowane ɗan gajeren labari a ciki wani ne ke ba da shi don ya ci gardama. In kika ciro shi daga cikin gardamar kika liƙa masa darasi a gindi, sau da yawa za ki ji darasin bai hau ba. Wannan reshe dai kunnen Bahaushe ya daɗe da saninsa. Akun Magana Jari Ce na Abubakar Imam, mai tsare ɗan sarki da labarai don kada ya fita, ɗan'uwa ne ga akun Shukasaptati, wani littafin Sanskrit, wanda ya shafe dare saba'in yana hana matar wani falke fita da daɗin hira. Akwai kuma Jataka, labarai 547 da harshen Pali kan rayuwoyin Buddha na baya, da babban kundin da Somadeva ya tsara a Kashmir a ƙarni na 11. Duk na masu alƙalami ne.

Na baka su ne kike nema. Masanin da ya fi taimakawa wajen rarrabe su shi ne A. K. Ramanujan, mutumin Maisur da ya koyar a Jami'ar Chicago, wanda a 1991 ya fitar da tarin tatsuniyoyi daga harsuna 22. Ya aro kalmomi biyu daga tsohuwar waƙar Tamil, akam da puram, wato na cikin gida da na waje. Ta cikin gida mata ke yin ta, mutanen cikinta galibi ba su da suna, sai dai a ce wani sarki, wata tsohuwa, wata suruka. Ta waje kuwa sana'a ce ta wasu zuri'o'i, da kayan kiɗa, da sunayen jarumai da garuruwa, ana kuma biyan mai yi. Akwai ta uku da ke tsakani, wadda ake yi a matsayin ibada.

A kudancin ƙasar tatsuniyar gida ba lallai sai an kwanta ba. Lokacin cin abinci ake yin ta: yara su kewaye kaka ko gwaggo, ta cuɗa shinkafa a babban kwano, tana dunƙulawa tana sa wa kowa a tafin hannu, labari na tafiya. Shi ya sa da yawansu gajeru ne, masu maimaici, masu gaɓa-gaɓa daidai loma. Ga wadda kusan duk mai jin harshen Telugu ya sani. Sarki na da 'ya'ya bakwai, suka kamo kifi bakwai aka shanya, shida suka bushe, ɗaya ya ƙi. Kifi, kifi, me ya hana ka bushewa? Tarin ciyawa ne ya kare mini rana. Ciyawa, don me? Saniya ba ta ci ni ba. Saniya ta ce makiyayi bai kwance ta ba, makiyayi ya ce uwarsa ba ta ba shi abinci ba, uwar ta ce jariri ke kuka, jariri ya ce tururuwa ta cije shi, tururuwa ta ce, wanda ya sa yatsa a gidana na zinariya ba zan cije shi ba? Shi ke nan. Babu darasi, kuma ba a neman a ƙirƙira mata. Daɗinta yana cikin tambaya da amsa, sai ki bar yaran su riƙa jefo tambayar da kansu. Irinta ce ta hankaka da gwara da ake yi da Kannada da Marati: hankaka ya gina gida da kashin shanu, gwara ta gina da kakin zuma, ruwan sama ya wanke na hankaka, ya zo yana buga ƙofa, ita kuma tana ta ja masa rai da "bari in gama yi wa ɗana wanka, bari in gama shafa masa mai".

Bangal ce za ta fi yi miki sauƙi, don akwai abin da ya zo daidai da namu kamar an auna. Sarkin tatsuniyarsu na da Suorani da Duorani, wato mowa da bora, kuma ɗan bora ne ke yin nasara. Dodonsu, rakkhosh, yana shigowa da kirarin jin ƙanshin mutum, ransa kuma ba a jikinsa yake ba, yana ɓoye cikin wani ƙudan zuma a akwati a ƙarƙashin tafki. Lal Behari Day ya tattara wasu da Turanci a 1883, Dakshinaranjan Mitra Majumder kuma ya buga Thakurmar Jhuli, wato jakar kaka, da harshen Bangali a 1907, Rabindranath Tagore ya rubuta masa gabatarwa.

A Asam, Lakshminath Bezbaroa ya buga nasa tarin a 1911, a ciki ne Tejimola take, kuma ita ce misali mafi kyau na abin da ke lalacewa in an sauya kayan aiki. Mahaifinta ɗan kasuwa ne, ya tafi fatauci ya bar ta da kishiyar uwa. Za ta bikin ƙawarta, matar uban ta ara mata tufafin siliki amma ta ƙunsa ɓera da garwashi a cikin ƙullin. Da tufafin suka lalace sai ta sami hujja. Ta sa yarinyar aikin sussukar shinkafa a dheki. Dheki ba turmi da taɓarya ba ne: doguwar gungumen katako ce a kan madogara, mutum ɗaya na taka ƙarshenta da ƙafa, ɗaya ƙarshen mai kan taɓarya ya ɗaga ya faɗo cikin rami a ƙasa, wani kuma na tsugune yana tura hatsi cikin ramin da hannu tsakanin bugu da bugu. Ran mai tsugune yana hannun mai takawa ke nan. Matar uban ta sauya saurin takun, ta murƙushe hannun dama, ta ce ta ci gaba da na hagu, sannan ƙafafu, sannan kai. Inda aka binne ta duma ya tsiro, wata mai bara ta miƙa hannu za ta tsinka, duman ya yi waƙa yana cewa kada a taɓa shi, shi ne Tejimola. Aka sare, ta fito a bishiyar lemo. Aka sare aka jefa kogi, ta fito a furen bado, har jirgin ruwan mahaifinta ya biyo ta wurin, ta zama tsuntsuwa ta sauka a hannunsa, daga baya ta koma mutum. In kika ce turmi, duk yarinyar da ta taɓa daka za ta tambaye ki yadda aka yi hannu ya shiga, labarin ya zube. Jimla biyu sun isa ki bayyana dheki, sai ki bar shi da sunansa. Haka tulun Sohni ta Panjab, 'yar maginin tukwane da ke haye kogin Cenab da dare a kan gasasshen tulu don ta je wurin masoyinta, har dangin mijinta suka musanya shi da ɗanye wanda ba a gasa ba, ya narke a tsakiyar ruwa. Ki mai da shi gora ko kwale-kwale, babu sauran labari.

Buɗewa da rufewa ma kowane harshe da nasa, kamar "ga ta nan ga ta nanku" da "ƙurunƙus kan ɓera". Mai Hindi zai ce ek tha raja, akwai wani sarki. Mai Telugu zai fara da anaganaga, ya rufe da cewa tatsuniya ta tafi garin Kanci, mu kuma mu tafi gida. Mutanen Bangal na rufewa da cewa labarina ya ƙare, an gutsure alayyafo, sai wata sarƙar tambayoyi ta biyo baya. Shawarata ki buɗe da namu, don yara su san tatsuniya ce za a yi, ki rufe da nasu a juye zuwa Hausa.

Labaran waje, wato puram, wani abu ne daban, kuma a nan ake yawan yin kuskuren ɗaukar su kamar tatsuniyar yara. A Rajastan akwai phad, doguwar ƙyalle da aka zana labarin jarumi a kai. Na Pabuji, basaraken ƙarni na 14 da makiyayan raƙuma na Rabari ke girmamawa, tsawonsa kamar ƙafa 15 ne, na Devnarayan kuwa ya kai wajen ƙafa 30. Zuri'ar Joshi ta Shahpura da Bilwara ce ta shahara da zana su. Da dare ake miƙe ƙyallen tsakanin sanduna. Mawaƙin, bhopa, yana goga ravanhatta, wata irin kukuma mai ƙararrawa a jikin bakanta, yana rawa, matarsa bhopi da lulluɓi tana riƙe da fitila a kan doguwar mariƙa, tana haska daidai wurin da aka kai, tana kuma ɗaukar rabin waƙar. Zanen ba a jere yake daga hagu zuwa dama ba, an tsara shi ne bisa wurare, jarumin na tsakiya, garuruwan abokan gaba na gefe, shi ya sa wanda bai san labarin ba ba zai iya karanta ƙyallen ba sai bhopa ya nuna. Ba a gama labarin a dare ɗaya, zaɓen sassa ake yi. Ba a yi da damina. In ƙyallen ya tsufa ba a yar da shi, kai shi ake yi tafkin Pushkar a nutsar, don a wurinsu wurin bauta ne mai tafiya. A jihar dai akwai kavad, akwatin katako mai ƙofofi da ke buɗewa ɗaya bayan ɗaya, kafintocin ƙauyen Bassi ke yin sa, mai labari na nuna hotunan da gashin dawisu. A Bangal masu zanen patua, irin na ƙauyen Naya, suna warware naɗaɗɗen zane daga sama zuwa ƙasa suna waƙa, kuma da yawansu Musulmi ne. Burrakatha ta Telugu mutum uku ke yi, mai labari a tsakiya, ɗaya na barkwanci, ɗaya na sharhi. A kudancin Tamil Nadu kuma wani ƙaton baka mai ƙararrawa ake bugawa da sanduna.

Abu ɗaya da ya kamata ki ɗauko daga wannan ɓangare shi ne amshi. A Rajastan mai labari ba ya tafiya sai da wanda zai riƙa cewa "hun" bayan kowace gaɓa, suna kiransa hunkara, har suna da karin maganar da ke cewa matsayin hunkara a labari shi ne matsayin tambari a rundunar yaƙi. Vijaydan Detha na ƙauyen Borunda, wanda ya tattara tatsuniyoyin yankin cikin juzu'i 14, daga bakin irin waɗannan mutane ya ɗauko su. A rediyo, murya ɗaya tal na kashe irin wannan labari. Ki sa yaro ɗaya ko biyu kusa da makirfo, aikinsu amsawa kawai.

Kashi na uku, vrat katha, labaran da ake yi lokacin azumin alwashi, su ne nake ganin ki bar su a inda suke. Misali ranar Karva Cauth a arewacin ƙasar, matan aure na kame baki daga fitowar rana har fitowar wata don tsawon ran mazajensu, kuma jin labarin Viravati ɓangare ne na ibadar: 'yan'uwanta maza bakwai suka ji tausayinta, suka sa haske a bishiya ta zaci wata ne, ta sha ruwa, masifa ta faɗa wa mijinta. Wasu na cire abin bautar su bar ƙashin labarin. Abin da ke saura ba shi da ma'ana, ga kuma rashin mutunta masu abin. In za ki ambace su, ki ambace su a matsayin bayanin al'adar wasu mutane, ba tatsuniyar dare ba.

Birbal da kika ambata ma ɗan yanki ne, na arewa. Mutum ne na gaske a fadar Akbar, ya rasu a 1586, amma labaran hikimar da ake rataya masa ba tarihi ba ne. Kudu na da Tenali Rama, wanda ake dangantawa da fadar Krishnadevaraya na Vijayanagara da ya yi mulki daga 1509 zuwa 1529, Bangal na da Gopal Bhar. Labari ɗaya kan yi yawo tsakaninsu, suna kawai ake sauyawa. Kada ki gabatar da su da "a tarihi an yi".

Yanzu ga yadda za ki yi aikin. Duk tatsuniyar da kika samu, ki nemi sunan harshe da yanki da wanda ya rubuta ta daga baka. In babu ko ɗaya, an riga an wanke ta, ki ajiye. Tsofaffin tarin zamanin Turawa suna da amfani amma da tacewa: Mary Frere ta buga nata a 1868 daga bakin mai yi mata hidima Anna Liberata de Souza, Flora Annie Steel ta buga na Panjab a 1894, duk don masu karatun Ingila. Alamar an taɓa labari ita ce ki ga aljanun Turawa masu fukafukai, ko waƙa ta ɓace, ko an toshe ƙarshen da nasiha. Na ƙabilu kuwa, P. O. Bodding ya tattara na Santal, Verrier Elwin na Gond da Baiga. Ki samo siga biyu ko uku na labari ɗaya ki jera su. Abin da ya maimaitu a duka shi ne ƙashin bayan, shi ba a taɓa shi. Abin da ya bambanta kina da 'yancin zaɓa.

Sai sunayen dangi, inda Turanci ke yin babbar ɓarna, Hausa kuma ke iya gyarawa. Hindi na bambanta mama, wato kawu, da caca, wato baffa, da bua, gwaggo, da mausi, 'yar'uwar uwa, har kaka ta wajen uba dadi ce, ta wajen uwa nani. Fassarar Turanci na tattara su cikin kalma ɗaya ko biyu. A tatsuniyoyin Bangal dila na kiran damisa kawu, yana cutarsa cikin ladabi, kuma dariyar tana cikin wannan dangantakar ta kawu da ɗan 'yar'uwa. Yaran Indiya ma wata kawu suke ce masa. In sigar da ke hannunki ba ta fayyace ba, ki duba wata kafin ki yanke.

Dabbobi kuma kada ki yi musu musaya da namu don neman sauƙi. Dilansu dila ne, malamin daji, ya zauna daidai. Kada ki mai da shi Gizo, don Gizo haɗama ke jan sa kuma sau da yawa dabararsa kan koma kansa, dila kuwa a labari irin na damisar da aka fitar daga keji alƙali ne mai nuna kamar bai gane ba har damisar ta koma ciki don ta nuna masa yadda aka yi. Damisarsu mai ratsi ba kura ba ce, tsoronta ake ji ko da an yaudare ta. Maciji kuma ba kullum mugu ba ne, yakan zo a mai gadin dukiya, har ma a miji.

Akwai batun asali da sana'a. Brahman (ɗan zuri'ar limaman addinin Hindu), wanzami, maginin tukwane, mai wanki, kowanne da halin da masu sauraro suka riga suka sani: wanzami wayayye ne mai kai-komon aure, Brahman na tatsuniya sau da yawa matalauci ne mai ilmi marar dabara. Wanzami ya zauna lafiya a Hausa. Brahman kuwa kada ki ce malam, don za ki ɗora wa malamanmu abin da ba nasu ba, ki kuma ɓoye cewa gado ne na haihuwa. Ki bar kalmar, ki bayyana ta sau ɗaya.

Wajen tsawo, tatsuniyar minti bakwai zuwa goma a rediyo na cin kalmomi kamar 900 zuwa 1,200, in an bar wa amshi wuri. In lokaci ya matse, ki rage siffantawa, kada ki rage maimaici. Abin da aka yi sau uku a bar shi sau uku, waƙar Tejimola a rera ta a kowane rikiɗa da karin murya ɗaya, don a karo na uku yara su kama da kansu. Waƙar ki sake gina ta a kan karin Hausa, layi biyu zuwa huɗu, ba sai kalma ta bi kalma ba.

Ga 'yan aji ɗaya zuwa uku, ki fara da kifi bakwai, da hankaka da gwara, da damisar keji. Tejimola da na mowa da bora ki ajiye wa 'yan aji biyar da shida, ki kuma taƙaita wurin dheki a hannu ɗaya in shirin na safe ne. Labarin Likai na mutanen Khasi a Meghalaya, wanda aka sa wa magangarar ruwan Nohkalikai sunansa, za ki gan shi a tarin da yawa an sa shi cikin na yara. Mijin uwa ne ya kashe 'yar matarsa ya dafa, uwar, wato Likai, ta ci ba ta sani ba, da ta gane ta faɗa daga kan dutse. Wannan na shirin manya ne.